Babu Jiƙon Da Ke Mayar Da SS Ya Koma AA

Da wuya mako ya wuce ba a zo mini da maganar nan ba: wai akwai mai magani, a rediyo ko a TikTok, da ke ba da jiƙo, mai sikila ya sha na wata uku ya koma AS, ko ma AA. Har takardar gwaji ake nuna mini. Ƙarya ce, kuma mai kisa, domin saboda ita iyaye ke ajiye maganin asibiti.

Ciwon daga ƙwayar gado yake, wadda ake kira HBB, ita ce ke tsara ɗaya daga cikin sarƙoƙin himogilobin, furotin da ke ɗaukar iskar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini. Sarƙar da take tsarawa tubala 146 ce, a kan na shida kaɗai aka samu sauyi, kamar yadda Vernon Ingram ya nuna tun shekarun 1950. Tubalin da ya shigo ba ya shiri da ruwa. Da zarar himogilobin ya sauke iskarsa, sai wannan gurbi ya liƙe a jikin maƙwabcinsa, shi ma ya kama na gaba, har su zama dogon zare mai tauri. Zaren ne ke lanƙwasa ƙwayar jinin ta koma kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120, wannan kuwa tsakanin 10 zuwa 20 ta mutu.

To, a ina jiƙo zai shiga? Ɓargo ne ke ƙera jini, kuma kullum da wannan tsarin yake ƙera shi. Dashen ɓargo na iya warkarwa, haka ma aikin gyaran ƙwayar gado da aka amince da shi a Ingila da Amurka a 2023, amma tsadarsu ta fi ƙarfin talaka. Takardar da kuke gani kuwa, ko dai an yi wa yaron ƙarin jini cikin wata uku kafin gwajin, jinin wani ya fito a sakamako, ko ɗakin gwajin bai san aikinsa ba. Akwai ma waɗanda ke rubuta wa masu neman aure AA don kuɗi. Su ji tsoron Allah, yaron da za a haifa shi zai ɗanɗana kuɗarsa.

Abin da ke aiki shi ne hana furotin ɗin liƙewa. Jariri ba ya nuna alama sai ya doshi wata shida, saboda himogilobin da ya zo da shi daga ciki yana shiga tsakani ya hana zaren ƙulluwa. Maganin haidiroksiyuriya irin wannan himogilobin yake ƙarawa. Amma da an rubuta shi sai wani ya raɗa wa uwa cewa maganin daji ne, ta jefar. Na gaji da jin wannan. A sha shi bisa kulawar likita, ana duba jini a kai a kai.

A ba yaro ruwa sosai, a rufe shi a lokacin hunturu, ya kwana a gidan sauro. Zazzaɓi, ciwon ƙirji, ko raunin ɓarin jiki, a nufi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Ku kuma AS biyu da ke cewa kun riga kun haifi mai sikila ɗaya, sauran ukun za su tsira, ba haka lissafin yake ba. Kowane ciki da nasa kashi 25 cikin 100. Ku yi gwaji a wurare biyu daban kafin a kai kuɗin aure.