Yadda Ake Tsare Ƙudan Zuma a Cikin Amya Yayin Sauya Mata Wuri

Dalilai da dama kan tilasta wa mai kiwon zuma ɗauke amya daga inda take: ƙarancin fure da ruwa a lokacin rani, ko feshin maganin ƙwari a gonakin auduga da wake, ko kusantar gidajen jama'a. Aikin yana da haɗari, domin ƙudan zuman Afirka ta Yamma, wanda masana ke kira Apis mellifera adansonii, ya yi suna wajen saurin fushi. Idan ya ɓalle a hanya yana iya halaka mutum ko dabba, idan kuwa aka toshe shi ba bisa ƙa'ida ba, shi ne zai mutu.

Ana rufe amya ne bayan magariba, lokacin da ma'aikatan da suka fita kiwo suka dawo. A busa ɗan hayaƙi a bakinta, waɗanda ke ƙofa su shige, sannan a rufe. Idan ana buƙatar haske, a yi amfani da jar fitila, domin idon ƙudan zuma ba ya ganin launin ja, kamar yadda binciken Karl von Frisch, wanda ya sami kyautar Nobel a 1973, ya nuna.

Babban kuskure shi ne toshe ƙofar da tsumma ko laka. Ƙudan zuma yana riƙe zafin ɗakin 'ya'yansa a wajen digiri 35, ta hanyar kaɗa fukafukai da busar da ruwa. Da zarar ya ji an kulle shi ana girgiza shi, sai ya ruɗe, motsinsa ya ƙara zafi, kaki ya yi laushi, saƙa ta rufto, zuma ta malale ta shaƙe shi. Saboda haka da ragar waya mai ƙananan idanu ake rufewa, wadda iska za ta ratsa amma ƙuda ba zai fita ba. A liƙe kowace tsaga, a ɗaure murfi tamau da igiya, a riƙa yayyafa ruwa ta ragar in tafiyar mai nisa ce.

Amyar gargajiya ta ciyawa da amyar Kenya mai sanduna sun fi wuyar ɗauka, domin saƙarsu ba ta da firam da zai tallafe ta. Ya kamata a fara cire saƙar da ta cika da zuma don rage nauyi, a kuma ɗauki amyar yadda take zaune, ba tare da karkata ta ba.

Nisa ma abin lura ne. Ma'aikaciya tana haddace alamomin wurin da amyarta take, don haka ƙa'idar masu kiwo ita ce ƙasa da mita 1, ko fiye da kilomita 5. Tsakanin waɗannan, sai ta koma tsohon wuri ta ɓata.

Idan an isa, a ajiye amya a inuwa, a bar ta ta natsu, sannan a buɗe ƙofar kafin gari ya waye, a ja da baya.