Darasin lahiya: jinjirin da aka haiha da kunne a toshe

Akwai jinjirin da ake haihuwa kunnenshi bai cika ba. Ɗan tsiron nama ne kawai a wurin, ba rami. Abin ya hi samun yara maza, ya hi kuma zuwa a kunnen dama. Cikin irin waɗannan yara 10, kamar 9 kunne guda ne ya taɓu. Ba laihin uwa ba ne, ba kuma aikin iskoki ba. Tun watannin hwarko na ciki ne kunnen bai gama ginuwa ba.

Mutane na ganin yaron sai su ce kurma ne. Sau da yawa ba haka ba ne.

Kunne kamar gida ne. Zaurenshi shi ne ramin da ake gani. Tsakar gida akwai dodon kunne da ƙananan ƙasusuwa 3. Ɗakin yana can cikin ƙashin kai, shi ne ke aika sauti zuwa ƙwaƙwalwa. Ga mahi yawan yaran nan, zaure ne ke ruhe, ɗaki lahiya lau.

To, sauti na da wata hanya: ƙashi. In mutum ya toshe kunnuwanshi da yatsa yana taunar aya ko goro, zai ji ƙarar sosai. Ta ƙashin kai ta bi ta isa ɗaki.

Wannan hanya ce masana suka yi wa na'ura. Ƙarama ce, ba ta kai akwatin ashana ba, da pil take aiki. Tana ɗaukar magana, ta maishe ta motsi, ta girgiza ƙashin bayan kunne. Yaro sai ya ji.

Ga jinjiri, a jikin wani maɗauri mai taushi ake maƙala ta, a zagaya kai da shi. Ba yanka, ba ciwo, ana cirewa lokacin barci da wanka. Tun 2017 akwai kuma wadda ake liƙawa a hwata. In yaro ya kai shekara 5, ƙashinshi ya yi kauri, ana iya yi mishi aiki a dasa ɗan ƙarhe bayan kunne, a maƙala na'urar. A garin Gotebor na ƙasar Suwidin aka hwara dashen, a 1977, da hannun lokotoro Anders Tjellström. Gyaran surar kunne kuwa aiki ne daban, sai yaro ya ƙara girma.

Na'urorin daga ƙasashen waje suke zuwa, suna da tsada ƙwarai. Amma tsada ba ta hana awo ba. Uwa a Barmu ta kai jinjiri wurin majo tun kahin ya yi wata 3. Majo ya ba da takarda zuwa babbar asibitin Tawa. In da bukata a wuce Yamai, wurin lokotoron kunne, hanci da maƙogwaro. Yaron da kunnuwanshi biyu ke toshe shi ya hi bukatar hanzari, don a shekara 3 na hwarko ne yaro ke koyon magana, da ji kuwa yake koyonta.

Kada a kai shi wurin wanzami don a huda. Bayan naman nan sau da yawa ƙashi ne ya ruhe hanya, aska ba ta buɗe shi. Jijiyar da ke motsa huska kuma kusa take. In an yanke ta, baki ya karkace.

Mai kunne guda mai kyau, a tsare mishi shi. Ba a tura tsinke, ba a ɗiga mai ko ruwan ganye. In ya hwara ruwa ko ciwo, a tahi likita ranar. A gida a yi mishi magana ta ɓangaren da yake ji, ana kallon huskarshi. In ya shiga lakwal, uba ya gaya ma mushe, a zaunar da shi layin gaba, kunnen mai ji na wajen mushe.