Darasi Na 14: Allon Ƙofar Shago

Idan mun shiga kasuwar Jega, ko mun bi hanyar Maiyama, muna ganin alluna a ƙofar shaguna. A da da hannu ake rubuta su, da fenti, a kan katako ko kwano. Gara ta ci katako, kwano ya yi tsatsa.

Yanzu akwai wani farin allo na roba, mara nauyi. Ruwa ba ya shigarsa, gara ba ta cinsa. Amma zafin rana yakan tanƙwara shi in an shafa masa baƙin fenti.

Inji ne ke sassaƙa shi. Mai aiki ya rubuta kalmomi cikin kwamfuta. Ya shimfiɗa allon bisa tebur, ya danne shi sosai. Sai wani ɗan ƙarfe mai kaifi ya yi ta juyawa, yana bin layin haruffa, yana fafe su.

To, a lura. Injin nan bai san Hausa ba. Abin da aka ba shi, shi zai yanka.

A ce wani mutumin Aliero yana saukar da masu zuwa ɗorin karaya. Ya biya kuɗi a rubuta masa MASAUKIN BAƘI. Mai aiki ya manta lanƙwasar Ƙ. Allo ya fito MASAUKIN BAKI. Fenti a kan goge shi, sassaƙa kuwa sai sabon allo, da sabon kuɗi.

Saboda haka kafin a kunna inji, mu ce a nuna mana rubutun. Mu karanta da kanmu, harafi harafi.

Yanzu kowa ya ɗauki fensir, ya rubuta: baki, baƙi, kafa, ƙafa.