Neman gidan haya domin majinyaci mai keke

Ƴan uwa masu karatu, darasinmu na yau ya haɗa lafiya da zumunci. Akwai ciwon da ke hana mutum taka ƙafa. Akwai shanyewar ɓarin jiki, wadda hawan jini ke yawan kawowa. Akwai karayar ƙashin baya a hatsarin mota ko na babur. Akwai kuma yanke ƙafa saboda ciwon sukari. Irin wannan majinyaci yakan baro ƙauye ya zo babban asibiti a Yamai, ko Damagaram, ko Maraɗi, ko Tawa. In an sallame shi, likita yakan ce ya riƙa dawowa ana duba shi. To, dole dangi da abokai su nema masa gidan haya a cikin gari.

A nan ne ake yawan yin kuskure. Mu masu lafiya fenti muke dubawa, da arahar kuɗi. Muna ƙetare dokin ƙofa ba tare da mun lura da shi ba. Amma ga mai keken guragu, dokin ƙofa katanga ne. In keke bai shiga makewayi ba, kullum sai an ɗauki babban mutum cak kamar jariri. Wannan yana karya masa zuciya, yana kuma jawo wa mai jinya ciwon baya. Don haka keke shi zai zaɓi gida.

1. Mu fara da awo

Kafin mu je wurin dillali, mu auna faɗin keken daga taya zuwa taya. Yawancin kekunan manya suna da faɗin santimita 60 zuwa 70. Hannuwan mai tuƙi ma suna son wuri. Shi ya sa ƙofa take bukatar santimita 80 a ƙalla. In ta kai 90, ta fi.

Wanda ba shi da abin awo, ya sami karan dawa miƙaƙƙe. Ya yanke shi daidai faɗin keken, da ƙarin taƙi ɗaya. Ya kuma yanki igiya mai tsawon mita 1 da rabi. Wannan shi ne filin da keke ke bukata ya juya. Da kara da igiya za mu shiga kowane gida. Ko dillali ya rantse gida ya yi, mu je da kanmu. Gani ya kori ji.

2. Mu duba hanya

Mu tsaya a bakin titi tukuna. Shin mota ko adaidaita za ta iso ƙofar gidan? Ciwo yakan tashi da tsakar dare. Mu duba yashi, domin ƙananan tayoyin gaba suna nutsewa a ciki. Mu duba ko akwai buɗaɗɗen lambatu a bakin ƙofa.

Mu tambayi maƙwabta yadda unguwar take a watan Agusta. A damanar 2024 ambaliya ta rusa gidaje masu yawa a ƙasarmu, jihar Maraɗi tana cikin waɗanda abin ya fi shafa. Mai ƙafa yana iya gudu in ruwa ya zo. Mai keke sai an fitar da shi. Mu guji gidan kwari da gidan da ganuwarsa ta tsage.

3. Ƙofofi da gangara

Mu gitta karanmu a ƙofar gida, da ta zaure, da ta ɗaki, da ta makewayi. In ya wuce ko'ina a gicciye, madalla. Mu lura da zaure mai kwana, domin keke ba ya lanƙwasa.

Maginanmu suna ɗaga dokin ƙofa don su tare ruwan sama. Ba sai an fasa shi ba. Sai a yi masa gangara ta siminti ko ta katako mai ƙarfi, ciki da waje. Ga lissafinta: tsawon gangara ya ninka tsayin tudu sau 12. In tudun santimita 10 ne, gangara ta zama santimita 120. In 20 ne, ta zama 240, wato mita 2 da santimita 40. Gajeruwar gangara tana da tsini, tana kifar da keke ta baya. Kada a goge simintin ya yi santsi. Gidan bene kuwa, mu bar shi, sai dai ɗakin ƙasa.

4. Ɗakin kwana

Mu shimfiɗa igiyarmu a gefen inda gado zai zauna, tsaye da gicciye. In ta miƙe, keke zai juya. Gado ya yi tsayi ɗaya da mazaunin keke, don tashi da kwanciya su zo da sauƙi.

Wanda ba ya iya juyawa da kansa, ana juya shi duk awa 2, dare da rana. In ba haka ba, gyambon kwanciya ya kama shi a ƙugu da dunduniya. Saboda haka mai jinya yana bukatar wurin shimfiɗa kusa da shi. Mu nemi ɗaki mai taga da inuwa. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, ɗakin kwano marar iska kuwa yana galabaitar da maras lafiya. Gidan ya kasance da famfo, ko ruwa a kusa, domin jinya tana cin wanki.

5. Makewayi

Nan ne babbar jarrabawar gida. A gidan haya mai ɗakuna da yawa, makewayi ɗaya ne, yana can ƙarshen tsakar gida. Mu bi hanyarsa da kara. In akwai yashi, a zuba jar ƙasa mai tsakuwa a daɓe. Majinyacinmu ba ya iya tsuguno. Kafinta zai iya huda kujera mai ƙarfi a ɗora ta bisa ramin masai. Da dare a sa mata bokiti a cikin ɗaki. Mai walda kuma ya kafa ƙarfen dafawa a jikin bango.

6. Magana da mai gida

Mu gaya wa mai gida gaskiya tun farko. Mu ce: «Alhaji, ɗan uwanmu ba shi da lafiya, da keke yake tafiya. Muna neman izinin yin gangara da kafa ƙarfe.» In yana tsoron ɗauka, mu bayyana masa cewa shanyewar jiki da karayar baya ba a ɗaukarsu.

Kada mu biya kuɗin gaba sai an rubuta yarjejeniya. A rubuta kuɗin wata da ranar biya. A rubuta gyaran da aka yarda, da wanda zai biya shi. A rubuta wa'adin da za a ba mu in mai gida yana son gidansa. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe takarda. Duk biyan da muka yi, mu karɓi shaidarsa a rubuce. Ga ranar karatun da muka koya.

Mu sani wannan nema ba roƙo ba ne. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu. A 2019 kuma aka yi dokar ƙasa kan shigar da su cikin harkokin jama'a. Mu nemi shawarar mai unguwa, da ma'aikatan jin daɗin jama'a na asibiti, da ƙungiyar naƙasassu ta garinmu. Mambobinta sun san lungunan da keke ke bi.

Abu na ƙarshe: kada mu yanke shawara a bayan majinyaci. Shi zai zauna a gidan. In da hali, mu kai shi ya gwada da kekensa kafin a biya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.

Tambayoyi

1. Santimita nawa ƙofa ke bukata don keke ya wuce?
2. Dokin ƙofa yana da tsayin santimita 15. Nawa ne tsawon gangararsa?
3. Waɗanne abubuwa za mu rubuta a takardar haya?