Idan Mai Jinyar Jama'a Ya Gaji, Wa Zai Duba Shi?

Nas da ta kwana a tsaye kan gadaje talatin, ungozoma da ta karɓi haihuwa da fitilar waya, likitan da ya sanar da iyali uku rasuwa a dare ɗaya, duk gari na wayewa ana jiran su dawo bakin aiki da fara'a. Wanda ya ce ya gaji, amsar da yake samu ita ce: “Haƙuri za ka yi, aikin lada ne.” Lada kam akwai, amma haƙuri ba ya maye gurbin barci, kuma ba ya warkar da ciwon damuwa.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya a matsayin matsalar da ke tasowa daga matsin aiki mai tsawo. Alamominta uku ne: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta bushe har mutum ya daina jin tausayin da ya saba ji, sannan ya ga kamar aikinsa ba ya tsinana komai. Ciwon damuwa ya fi wannan zurfi. Idan baƙin ciki ya wuce mako 2, abin da ke faranta maka rai ya daina, barci da cin abinci suka rikice, to lamarin ya zama na ganin likita.

Ma'aikatan lafiya sun fi kowa iya ɓoyewa. Suna tsoron a ce “ya taɓu”, suna tsoron sirrinsu ya zaga asibiti. Hatsarin kuma shi ne magani yana kusa da hannunsu. Da yawa sun fara da ƙwayar barci ko allurar pentazocine don su samu sauƙin dare ɗaya, daga nan ta zame musu jaraba.

Ga abin da nake ba ka shawara, abokin aiki. Kada ka rubuta wa kanka magani, kada kuma ka nemi abokinka ya rubuta maka a tsaye a baranda. Ka je a duba ka kamar kowane majinyaci, da kati da ganawa. Idan kana jin nauyin asibitinku, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato, Dawanau ta Kano da Maiduguri. Maganin ciwon damuwa yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara jin amfaninsa, don haka kada ka yar da shi da wuri. Ka riƙe addu'a, ka riƙe magani, ɗaya ba ya kore ɗaya. Idan har tunanin kashe kai ya fara zuwa maka, ka faɗa wa wanda ka yarda da shi a yau ɗin nan, ka kuma nisanci ma'ajiyar magunguna har sai ka ga likita.

Ku kuma shugabannin asibitoci, nauyi mafi girma a kanku yake. A tsara aikin dare yadda kowa zai samu hutu bayansa. Idan majinyaci ya rasu ta hanya mai tayar da hankali, ko 'yan'uwansa suka kai wa ma'aikaci hannu, a zauna da waɗanda abin ya shafa a saurare su, ba don neman mai laifi ba. A ware likitan da ma'aikata za su gani a asirce, a kuma ajiye bayanansu nesa da ofishin ma'aikata.

Illar gajiyar ma'aikata ta fi tsanani a ɓangaren masu taɓin hankali. Inda nas ɗaya ke riƙe da ɗaki guda cikin dare, tsawa da ɗauri da allurar barci su ne suke zama hanya mafi sauƙi. Wanda aka bar shi ba kulawa, da wuya ya iya lallashin wani. A Satumbar 2019 'yan sanda sun fitar da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa, kuma rahoton Human Rights Watch na Nuwambar shekarar ya nuna ana ɗaure majinyata har a wasu asibitocin gwamnati.

Hanyar gyara ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara sauke majinyata a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abeokuta, kowa tare da ɗan'uwansa, suna zuwa karɓar magani da rana suna kwana cikin jama'a. A Janairun 2023 kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tabbatar wa majinyaci haƙƙinsa na mutunci da kariya daga azabtarwa.

A aikace, ka kira majinyaci da sunansa. Ka yi masa bayanin maganin da za ka ba shi, ka nemi yardarsa muddin yana iya fahimta. Idan ya fusata, a rage taron jama'a, mutum ɗaya ya yi masa magana da murya ƙasa-ƙasa. Riƙe shi da ƙarfi ya zama mataki na ƙarshe, na ɗan lokaci, da umarnin likita, ana duba shi ana rubutawa. Sarƙa kuwa ba ta da gurbi a jinya.

Doka kaɗai ba za ta kwance ɗauri ba sai an ƙara ma'aikata, an horar da su, an ba su hutu. Ƙungiyoyin likitoci da na nas-nas su sa waɗannan buƙatu cikin abin da suke nema daga gwamnati, daidai da yadda suke neman albashi.