Darasi: Yadda Ake Kafa Rumfa da Ragowar Itace

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a unguwar Saga da ke bakin kogin Isa a birnin Yamai, gidaje da yawa suna da guntayen itace a jibge a bayan ɗaki: ragowar gini, ko rassan bedi da aka sassabe. Idan aka bar su a ƙasa, gara ta cinye su, kunama da maciji kuma su sami maɓoya kusa da yara. Alhali da su za mu iya kafa rumfa wadda za ta ba awaki inuwa, ta kuma kare harawa da karan shinkafa daga ruwa da rana.

Amfanin wannan aiki bai tsaya ga gida ba. Tun 1965 aka soma dasa itatuwa kewaye da Yamai domin kare birnin daga iska da ƙura, kuma dokar gandun daji ta 2004 ta hana saran itace barkatai. Duk dirkar da muka fitar daga ragowa, itace ɗaya ke nan muka bari a tsaye.

Zaɓen wuri

Mu nemi tudu, domin ba mu manta da ambaliyar 2012 da ta 2020 ba, lokacin da kogi ya cika ya shiga fadamun shinkafa da gidaje. Rumfar dabbobi ta yi nisa da rijiya, kada kashinsu ya gurɓata ruwan sha. Ta kuma yi nisa da murhu saboda gobara.

Zaɓen itace

Azarar giginya da itacen bedi sun fi jure wa gara, su ne na dirka. Itacen turare miƙaƙƙe ne, ya dace da sama. Wanda ya ruɓe ko ya yi rami, a kai shi murhu.

Matakan aiki

1. Mu ɓare ɓawon itacen, domin a ƙarƙashinsa ƙwari ke ɓuya.
2. Mu auna fili, tsawo metir 4, faɗi metir 2 da rabi. Mu ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwar da ke daura da ita, sannan mu auna ɗaya ɓangaren. Idan awon ya zo ɗaya, fili ya daidaita.
3. Mu haƙa ramuka 6, uku a gaba, uku a baya, zurfin kowane santimetir 60.
4. Mu babbake gindin kowace dirka har ya yi baƙi, mu zuba toka a rami. Wasu kan shafa baƙin mai, amma guba ne ga dabba da ruwan rijiya.
5. Dirkokin gaba su ɗara na baya da kamar santimetir 30, domin ruwa ya gangara. Gajeren ɓangare ya fuskanci gabas, inda iskar hadari ke fitowa.
6. Mu mayar da ƙasa kaɗan kaɗan, muna dannawa da taɓarya.
7. Mu ɗora manyan itace a bakin gofa, mu gitta ƙanana a kansu, mu ɗaure da igiyar kaba ko waya.
8. Mu rufe da zana ko karan gero, mu danne da sanduna, mu ɗaure tam.

Kulawa

Abincin dabbobi a ɗora shi kan itace, kada ya taɓa ƙasa. A share ƙarƙashin rumfa kowane mako, a kai takin gona. Kafin damina, mu girgiza kowace dirka. Wadda ta yi motsi a sauya ta tun ba ta faɗa kan yaro ko dabba ba. Ran 3 ga watan Agusta kuma, ranar dashen itace ta ƙasa, kowane gida ya dasa bedi biyu a gefen rumfarsa, su ne dirkokin gobe.

Tambayoyi

1. Don me ake babbake gindin dirka?
2. Wane ɓangaren rumfa ne zai fuskanci gabas?
3. Rumfa ɗaya na cin dirka 6. Dirka nawa gidaje 5 ke bukata?