Tun Ran Gini Ran Zane: Jan Hankalin Iyaye kan Koya wa Yara Siffofi a Gida

Ya ku iyaye maza da mata, duk shekara idan aka ɗauki sababbin yara a firamare, malaman aji ɗaya kan dawo da kuka iri guda. A zana da'ira a allo, a tambayi ɗan shekara shida ko mene ne wannan, ya yi zuru. A ce to ya faɗi abin da ya yi kama da ita a gidansu, nan ma shiru. Alhali kuwa da faifai aka rufe ƙwaryar kokon da ya sha da safen nan. Yaron nan lafiyarsa ƙalau, basirarsa kuma tana nan. Babu wanda ya taɓa nuna masa, shi ke nan.

A shekarar 1999 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, a 2004 kuma aka yi masa doka, ilimin shekara tara na farko ya zama kyauta kuma dole. Madalla. Sai dai wasu iyaye sun ɗauka an sauke musu kayan ne gaba ɗaya. Da an ce da maigida ya koya wa ɗansa wani abu, sai ya ce, "Ai aikin malam ne, don me ake biyansa?" Wannan magana ita ce cutar da muka rubuta takardar nan dominta.

Ku dubi maginin gargajiya. Idan ya jera tubali, ya yi yaɓe, ba ya tafiya gida ya ce sai baɗi zai dawo ya yi wa ƙofar zaure ado. Tun ƙasar tana da danshi yake sa yatsa ya fitar da dagi, ya ja layi, ya murɗa shi, ya mayar da shi inda ya taso, ƙasar kuwa tana bin hannunsa ba gardama. Bari rana ta buge ta kwana biyu, sai an sa ƙarfe, kuma ko an sa, ɓarewa za ta yi, zanen ya fito a karkace, maginin ya sha wahala, mai gida kuma bai ji daɗi ba. Haka Babban Gwani ya yi aiki a masallacin Juma'a na Zariya, wanda bakan gizonsa ke ba masana gini mamaki har yau, bai kuwa taɓa zama a aji an zana masa alwatika da alli ba. Da ido da hannu aka koya masa. Daga wajen magina Bahaushe ya samo karin maganar nan, tun ran gini ran zane. Ƙwaƙwalwar yaro daga shekara biyu zuwa biyar ɗanyen yaɓe ce. Malamin firamare kuwa, sau da yawa, busasshen bango ake kai masa, ga yara cike da aji har bakin ƙofa, a ce ya yi wa kowa zane.

Kada a raina abin. Yaron da bai saba bambanta miƙaƙƙen layi da lanƙwasasshe ba, shi ne zai daɗe yana rikita baƙaƙe, ya rubuta b a wurin d, ya kifa 6 ta koma 9. Idan an zo rabi da kwata ya ɓace, don bai taɓa lura da yadda ake raba waina biyu daidai ba. Daga nan ya haddace sunayen siffofi da Turanci kamar aku, bakinsa na faɗa, zuciyarsa ba ta gani. Kafin ya kai aji huɗu ya yanke wa kansa hukunci cewa lissafi ba nasa ba ne. Tsoro ya shiga, fashin makaranta ya biyo baya, ƙarshe a same shi a tasha. Wanda ya daure ya kai sakandare kuma, lissafin nan ne zai tare masa ƙofar karatun likita ko injiniya a jarrabawar WAEC ko NECO. Ranar nan uban zai fi kowa zagin malamai.

To, maigida, kai me ka yi? Kana da lokacin zaman majalisa daga la'asar har isha'i, amma minti goma na tsugunawa da ɗanka ku yi zane a ƙasa ya gagare ka. Ke kuma uwargida, yarinya ta jera marafan kwano, babba na bin babba, kin daka mata tsawa wai tana ɓarna, kin miƙa mata waya don ta yi shiru. Karatu kika kore ta daga kai. 'Ya'ya amana ce, kuma kowa ya san za a tambayi mai kiwo game da abin da aka ba shi kiwo. Addininmu bai bar mu da uzuri ba: kullum liman yana cewa a daidaita sahu, miƙaƙƙen layi ke nan, ɗawafi da'ira ne a kewayen ɗaki mai kusurwa huɗu, al-Khwarizmi, wanda daga littafinsa aljabara ta samo suna, malami ne Musulmi a Bagadaza.

Kayan koyarwar kuwa ba sai an je kasuwa ba. Duwatsun murhu uku alwatika ne, idan wuta ta mutu a sa yaro ya ƙirga kusurwoyin. Tabarma da ƙyaure da allon karatu kusurwa huɗu gare su, amma tsawonsu ya fi faɗinsu. Ɗankwalin da ɓangarorinsa huɗu suka yi daidai murabba'i ne; a ninke shi kusurwa ta taɓa kishiyarta, sai ga alwatika, yaro kuwa zai so a maimaita masa sau goma. A ba shi gwangwanin madara da ƙwayar Maggi ya gangara su, a tambaye shi me ya sa ɗaya ke gudu ɗaya ke tsayawa, kada kuma a yi saurin ba shi amsa. Wanda ya fi duka shi ne na masu ginin ɗakin jinka: a kafa tsinke a tsakar gida, a ɗaura zare, a zagaya da ɗayan bakin yana jan ƙasa, sai ga da'ira. Da Hausa za a fara faɗin sunayen, Turanci ya zo daga baya.

Sauran abubuwa a taƙaice. Ban da duka idan ya kuskure. Ban da tsakuwa, maɓalli ko ƙwallon dabino ga wanda bai kai shekara uku ba, don baki zai kai. Reza da almakashi su zauna a hannun babba. Mace da namiji duk ɗaya ne a wannan, kada a ce ita talla ke jiranta. Idan akwai ajin share fage a firamaren unguwarku, a kai yaro tun yana ɗan shekara biyar. Kakanni ma su sa hannu. Idan kaka zai haƙa gurabun dara, ya bar jikan ya jera su, biyar a faɗi, shida a tsawo.